Tarihin Ƙwayar Haske: Yadda Gardamar Malamai Ta Zama Mabuɗin Asiri



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa a yau shi ne tarihin wasu gardandami guda biyu da masana kimiyya suka yi a kan haske. Ta farko ita ce: shin haske ƙwayoyi ne masu tafiya kamar tsakuwa, ko kuwa kaɗawa ce irin ta igiyar ruwa? Ta biyu kuwa daga cikin ta farko ta fito, kuma ta fi ta zurfi: shin ƙwayar haske tana da tabbataccen hali tun kafin a auna ta? Kusan shekara talatin aka yi mafi yawan masana suna ɗaukar wannan tambaya ta biyu a kan ɓata lokaci. Amma daga ƙarshe ita ce ta haifi wata sabuwar hanya ta aika saƙon asiri. Nufina shi ne in bi sawun yadda haka ta faru, domin akwai darasi a ciki ga kowace jami'a da ake yawan tambayarta amfanin binciken da ba a ga ribarsa nan take ba.

1. Ƙwaya ko Igiya?

Ya kamata mu fara da Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manaziri ya kore tsohon ra'ayin nan mai cewa ido ne ke harba haske ya taɓo abin da yake kallo. Ya nuna cewa haske daga abu yake tasowa ya shiga ido. Babban gadon da ya bari shi ne hanyar da ya bi, watau kada a karɓi ra'ayi saboda girman mai shi, sai an ɗora shi a kan gwaji. A kan wannan ƙa'ida dukkan labarinmu zai gudana.

A shekara ta 1690 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya wallafa ra'ayinsa cewa haske igiya ne. A 1704 Isaac Newton na Ingila ya fito da nasa littafin, inda ya karkata ga cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne. Saboda girman sunan Newton, ra'ayinsa ya rinjaya kusan shekara ɗari. Sai a farkon ƙarni na 19 Thomas Young ya nuna wani abin mamaki. Idan haske ya ratsa ta tsagu biyu masu kusa da juna ya faɗa a kan allo, sai a ga layuka na haske da na duhu suna bin juna. Watau haske ya haɗu da haske an sami duhu. Tsakuwa ba ta yin haka, amma igiyar ruwa tana yi, domin idan tudun wata igiya ya gamu da kwarin wata sai su kashe juna.

A 1865 James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa haske kaɗawa ce ta lantarki da maganaɗisu, mai gudun kimanin kilomita 300,000 a sakan guda. Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da samuwar irin waɗannan igiyoyi a ƙarshen shekarun 1880, kuma su ne muke kamawa a akwatin rediyo a gajere ko matsakaicin zango. Da ƙarni na 19 ya zo ƙarshe, kowa ya ɗauka an gama magana: haske igiya ne.

2. Dawowar Ƙwaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san cewa ƙarfe in ya yi zafi yakan yi ja, in zafin ya ƙaru ya koma rawaya, sa'an nan ya yi fari. Masana sun auna yawan hasken kowane launi da abu mai zafi ke fitarwa, amma lissafinsu ya ƙi dacewa da awon. A ran 14 ga Disamba, 1900, Max Planck ya gabatar wa ƙungiyar masana fiziks a Barlin da mafita. Ya ce lissafi zai daidaita in aka ƙaddara cewa ƙarfin haske ƙulli-ƙulli ake bayar da shi, kamar yadda mai tebur ke sayar da gishiri, ba ya ba ka rabin ƙulli. Wannan ƙulli shi ake kira kwantam, daga wata kalmar Latin mai ma'anar "nawa". Shi kansa Planck dabarar lissafi kawai ya ɗauki abin.

Wanda ya ɗauke shi da gaske shi ne Albert Einstein, a 1905, yana ɗan shekara 26, yana aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta ƙasar Suwizalan. An riga an lura cewa haske yana fizgo ƙwayoyin lantarki, watau ilektiron, daga jikin wasu ƙarafa, amma ta hanyar da ta ɗaure kai. Jan haske, komai yawansa, ba ya fitar da ko ɗaya daga irin waɗannan ƙarafa, alhali haske mai saurin kaɗawa, ko da ɗan kaɗan ne, yana fitar da su nan da nan. Einstein ya ce dalili shi ne hasken kansa ƙwayoyi ne, kuma ƙarfin kowace ƙwaya ya danganta ga saurin kaɗawarta. Ƙwaya ɗaya ke bugun ilektiron ɗaya, in ba ta da isasshen ƙarfi yawan 'yan'uwanta ba zai amfane ta ba.

Kusan babu wanda ya yarda da shi. Robert Millikan na Amurka ya yi shekaru yana gwaji yana shakkar ra'ayin, amma sakamakon da ya buga a 1916 ya dace da lissafin Einstein. A kan wannan aiki aka ba Einstein lambar Nobel ta 1921. A 1923 Arthur Compton ya nuna cewa ƙwayar haske tana karo da ilektiron tamkar yadda dutse ke karo da dutse, a 1926 kuma Gilbert Lewis ya kawo sunan da ya bi ta har yau, watau foton.

To, ina layukan Young suka shiga? Suna nan. Tun a 1909 Geoffrey Taylor ya ɗauki hoton inuwar allura da haske mai tsananin rauni, har sai da ɗaukar hoto guda ta ci kimanin wata uku, kuma layukan suka bayyana. Tsakanin 1925 da 1927 Werner Heisenberg, da Erwin Schrödinger, da Max Born, da Paul Dirac suka gina ra'in kwantam wanda ya haɗa fuskokin biyu. A wannan ra'i, foton yana tafiya bisa ƙa'idar igiya, amma in an kama shi a wuri ɗaya ake kama shi, cikakke. Lissafi ba ya faɗin inda ƙwaya guda za ta sauka. Iyakarsa ya faɗi gwargwadon yiwuwar saukarta nan ko can.

3. Shakkar Einstein

Wannan batu na yiwuwa shi ne ya tsaya wa Einstein a rai. Bai yarda cewa ƙuri'a ce ke tafiyar da asalin abubuwa ba. A taron Solvay da aka yi a Burasal ta Beljiyam a 1927 ya yi ta kawo hujjoji, Niels Bohr na Denmak yana warware su. A 1935 Einstein tare da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka buga wata maƙala wadda ita ce tushen gardama ta biyu. Zan kawo hujjarsu da misalin haske, ko da yake su da wani misali suka kawo ta.

Kaɗawar haske tana da fuska. Tana iya zama a tsaye, ko a kwance, ko a karkace. Akwai wani irin gilashi da za mu kira rariyar haske, wanda ke barin foton ya wuce ko ya tare shi gwargwadon yadda aka juya rariyar. Ana iya samar da tagwayen foton daga tushe ɗaya, ɗaya ya nufi gabas ɗaya ya nufi yamma. Ra'in kwantam ya ce babu ɗayansu da ke da tabbatacciyar fuska kafin awo. Amma ya kuma ce in aka juya rariyoyin biyu daidai da juna, amsar kullum ɗaya ce: in na gabas ya wuce, na yamma ma ya wuce, komai nisan da ke tsakaninsu. Wannan alaƙa ita ce Schrödinger ya raɗa wa suna a wannan shekara, mu kuma za mu kira ta sarƙuwa.

Einstein ya ga cewa bayani mai sauƙi yana nan kusa. A ɗauki takalma ƙafa biyu, a sa kowace a cikin akwati, a ba matafiya biyu. In ɗaya ya buɗe ya ga ƙafar dama, nan take ya san ta hagu ce a wurin ɗan'uwansa, kuma babu abin al'ajabi, tun daga gida aka raba su haka. Saboda haka, in ji shi, tagwayen foton ma tun daga tushe suke ɗauke da amsarsu, ra'in kwantam ne bai cika ba da ya kasa faɗinta. Bohr ya mayar da martani, amma babu gwajin da aka sani zai raba gardamar. Masana kuwa suna da aiki a gabansu. Ra'in yana ba da amsoshi daidai, da shi aka ƙera taransisto a 1947, aka kuma ƙera na'urar leza a 1960. Einstein ya rasu a 1955, Bohr a 1962, aka bar tambayar tamkar ta masu falsafa.

4. Hujjar Bell

A 1964 John Bell, mutumin Belfast da ke aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Turai kusa da Jeniba, ya gano cewa ana iya ɗora misalin takalma a kan gwaji. Ga hujjar a sauƙaƙe, ina roƙon a bi ta a hankali.

In rariyoyin biyu suna daidai da juna, amsoshin ba sa saɓawa ko sau ɗaya. In aka juya ta gabas kaɗai da digiri 30, amsoshin suna saɓawa sau ɗaya cikin huɗu. In aka mayar da ita, aka juya ta yamma kaɗai da digiri 30 ta ɗaya ɓangaren, nan ma sau ɗaya cikin huɗu. To, yanzu a juya duka biyun, tazararsu ta zama digiri 60. In da gaske kowane foton daga gida ya taho da amsarsa, kuma bai san abin da aka yi wa rariyar ɗan'uwansa ba, saɓanin ba zai wuce ɗaya cikin huɗu a tara da ɗaya cikin huɗu ba, watau rabi. Amma lissafin kwantam ya ce saɓanin zai kai uku cikin huɗu. Rabi da uku cikin huɗu kuwa ba abu ɗaya ba ne, kuma ana iya ƙirga su a ɗakin gwaji.

Bell ya buga wannan a wata ƙaramar mujalla wadda ba ta daɗe ba ta daina fitowa, kuma shekaru suka wuce kafin a kula da shi. Wanda ya fara ɗaukar ɗawainiyar gwajin shi ne John Clauser, tare da ɗalibi mai suna Stuart Freedman, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a 1972. Sun yi amfani da tagwayen foton da ke fitowa daga ƙwayar zarrar sinadarin kalsiyam. Sakamako ya bi ra'in kwantam, ya saɓa wa misalin takalma.

Duk da haka akwai kafar zillewa. Tun da an saita rariyoyin kafin foton su tashi, mai shakka zai iya cewa wani labari ya riga ya ratsa tsakanin sassan na'urar. Alain Aspect na Faransa ya ƙudura toshe wannan kafa. Ya ba da labari cewa sa'ad da ya je neman shawarar Bell, abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko yana da tabbataccen gurbin aiki, domin a wancan zamani irin wannan bincike yana iya ɓata wa matashi suna. A 1982, a Orsay kusa da Faris, Aspect da abokan aikinsa suka yi gwaji inda ake sauya saitin awo a kowane kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na sakan, foton suna kan hanya. Sakamako bai canja ba. A 1998 ƙungiyar Anton Zeilinger a Innsbruck ta Ostiriya ta maimaita shi a tazarar mita 400. A 2015 wasu ƙungiyoyi uku, a Delft ta Holan, da Biyana, da Boulder ta Amurka, suka toshe manyan kafofin da suka rage a lokaci guda. Shekara 80 ke nan bayan maƙalar Einstein.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma fannin nazarin haske bisa ra'in kwantam ya tsaya da ƙafarsa. Roy Glauber ya shimfiɗa lissafinsa a 1963, ya kuma sami lambar Nobel a 2005. A 1986 Philippe Grangier da Gérard Roger da Aspect suka aika foton ɗai-ɗai zuwa madubin da ke raba haske gida biyu, suka nuna cewa ƙwaya guda ba ta rabuwa, ɓangare ɗaya kawai take bayyana. Da haka masana suka iya sarrafa haske ƙwaya-ƙwaya.

5. Daga Gardama Zuwa Asiri

Sanin kowa ne cewa saƙon asiri yana bukatar mabuɗi, kuma babbar matsala ita ce yadda za a isar da mabuɗin ba tare da wani ya kwafe shi a hanya ba. Hanyar da bankuna da intanet suka dogara a kanta, irin wadda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da ita a 1977, ta jingina ne ga wahalar gano lambobin da aka ninka aka sami wata ƙatuwar lamba. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfuta mai aiki da ƙa'idar kwantam, in ta yi girma sosai, za ta warware wannan lissafi cikin sauƙi.

Tun kafin nan an sami wata hanya dabam. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks shi kaɗai, suka tabbatar cewa ba shi yiwuwa a yi cikakken kwafin foton da ba a san halinsa ba. A 1984, a wani taro a Bangalore ta Indiya, Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal suka gabatar da dabarar da ta yi amfani da wannan. Mai aikawa yana tura foton ɗai-ɗai, kowanne da ɗaya daga fuskoki huɗu: tsaye, kwance, karkace dama, ko karkace hagu. Mai karɓa yana zaɓen irin rariyar da zai auna kowanne da ita bisa ƙuri'a. Bayan an gama sai su faɗa wa juna a fili irin rariyar da kowa ya yi aiki da ita, su zubar da inda suka saɓa, abin da ya rage ya zama mabuɗi. Ɓarawon da ya tsaya a tsakiya ba ya iya kwafa, dole ya auna, kuma bai san rariyar da ta dace ba. In ya auna kowane foton ya sake turawa, zai jawo kuskure kimanin ɗaya cikin huɗu. Masu saƙon sai su kwatanta wani yanki na mabuɗin, in sun ga kuskure ya yi yawa su san an taɓa shi, su watsar. Abin da ya dami Einstein, watau cewa awo yana da hannu a cikin amsar da ake samu, shi ne ya zama mai gadi.

Gwajin farko da suka yi a 1989 tazararsa ba ta wuce santimita 32 ba. A 1991 Artur Ekert na Jami'ar Oxford ya nuna cewa tagwayen foton masu sarƙuwa ma suna iya samar da mabuɗi, gwajin Bell kansa ya zama shi ne ma'aunin tsaro. A 1997 ƙungiyar Zeilinger ta ɗauke halin wani foton ta ɗora shi a kan wani da ke nesa ta hanyar sarƙuwa. A 2007 aka yi amfani da mabuɗin kwantam wajen kare sakamakon zaɓe a Jeniba. A watan Agusta na 2016 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius, a ƙarƙashin jagorancin Pan Jianwei, wanda tsohon ɗalibin Zeilinger ne. A 2017 aka ba da sanarwar cewa tauraron ya raba tagwayen foton tsakanin tashoshi biyu masu nisan kimanin kilomita 1,200. A 2022 aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger lambar Nobel. Bell bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1990.

6. Iyakokin Al'amarin

Wajibi ne a faɗi iyakar abin, domin ana yawan zuzuta shi. Da farko, sarƙuwa ba ta aika saƙo da gudun da ya wuce na haske. Mai awo a gabas amsoshin ƙuri'a kawai yake gani, ba zai san dacewarsu da na yamma ba sai an kawo masa labari ta hanyar da aka saba. Na biyu, foton yana ɓacewa a cikin zaren gilashin da ake sadarwa da shi. Kimanin rabi ke salwanta a kowace kilomita 15, saboda haka bayan kilomita 100 ɗaya cikin ɗari ke saura. Saƙon yau da kullum ana ƙara masa ƙarfi a hanya, amma wannan ba ya yiwuwa a nan, domin dokar da ta hana ɓarawo kwafa ta hana mai waya ma. Na uku, dabarar mabuɗi kaɗai take rarrabawa, kuma aibin na'ura yana iya buɗe ƙofar da ƙa'ida ta rufe. Shi ya sa wasu hukumomi suka fi karkata ga sababbin hanyoyin lissafi masu jure wa kwamfutar kwantam, irin waɗanda hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsu a 2024.

Kammalawa

Jama'a, in muka duba tarihin nan za mu ga cewa gwaji bai goyi bayan amsar Einstein ba, amma tambayarsa ce ta buɗe fagen baki ɗaya. Daga 1935 zuwa 1964 ta zauna kusan ba mai ɗaga ta. Waɗanda suka ɗaga ta, Bell da Clauser da Aspect, sun yi haka ne a lokacin da ake ganin aikin ba shi da makoma, kuma babu ɗayansu da ya fara shi da niyyar kare asirin banki. So suke su san ko haske yana da hali kafin a dube shi. Da a ce an tambaye su ribar aikin a ranar da suka fara, da ba su da amsar da za ta gamsar da mai riƙe da baitulmali.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'a da su bar wa irin wannan bincike gurbi, ko da ƙarami ne, a cikin kasafinsu. Ga ɗalibai kuma, idan malami ya ce muku wata tambaya an riga an rufe ta, ku nemi sanin gwajin da aka rufe ta da shi. In babu, to tana nan a buɗe, kuma mai yiwuwa ku take jira.